Za a iya haɗa baƙin ƙarfe da sitenles da walda a motar da ake ƙerawa a gida?

Tambayar da wani matashi ya aiko ke nan, a taƙaice: yana ƙera ƙaramar mota mai kujera biyu a gida. Ya riga ya haɗa rabin shasin da bututun baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu. Ya samo bututun sitenles da falle biyu na sitenles a kasuwa, yana so ya yi salansa da su, ya rufe gefen motar, kuma yana tunanin ya saka ragowar bututun a cikin shasin domin kada ya yi tsatsa. Injin waldar da yake da shi na sanda ne, irin ƙaramin inbatar nan. Mai waldar unguwarsu ya ce masa kada ya wahalar da kansa, sandar da ake yin ƙofa da taga da ita ma tana kamawa. Shin gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, da wace sanda zai yi?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikin. Ana haɗa su, kuma ana yi kullum a masana'antu. Sandar da ake yi da ita sunanta 309L. Amma tambayarka ta ƙunshi ayyuka uku daban-daban, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. A salansa, ka haɗa. A fallen rufe gefe, akwai hanyar da ta fi walda. A cikin shasi kuwa, ina roƙonka ka bari.

Mai waldar unguwarku bai yi maka ƙarya ba da ya ce tana kamawa. Sandar 6013, wadda ake sayarwa da sunan geji 12 ko geji 10, za ta narke a tsakanin ƙarfen biyu, ta kwanta, ka buga ɓawon ya fita, ka ga walda mai kyan gani. Matsalar tana cikinta, inda ido ba ya kaiwa. Shekarun baya, kafin in fahimci wannan, na taɓa haɗa wa wani direba bututun sitenles da farantin baƙin ƙarfen da ake ɗaure salansa da shi a jikin inji, da irin wannan sandar. Bai yi wata biyu ba ya dawo da salansar a ɗaure da waya. Waldar ba ta ɓalle daga gefe ba, a tsakiyarta ta tsage, tsaf kamar an ja layi da reza. Na ɗauki magagari na goga a wurin, magagarin yana zamewa kamar a kan gilashi. Tun daga ranar na shiga neman dalili.

Ga dalilin. Baƙin ƙarfen da ka yi shasi da shi kusan zallan ƙarfe ne da ɗan kabon kaɗan, bai wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba. Sitenles kuwa abin da ya hana shi tsatsa shi ne kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wanda aka fi sani, mai lamba 304, yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Kuromiyam ɗin ne yake haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda in an kankare ta take sake fitowa da kanta. Nikel kuma shi ne yake sa ƙarfen ya zama mai laushi da juriyar lanƙwasa, ba ya karyewa farat ɗaya.

Idan kana walda, ba sandar kaɗai ce take zama a cikin layin waldar ba. Gefen ƙarfen dama yana narkewa ya shiga, na hagu ma yana narkewa ya shiga. A waldar sanda, kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da ya daskare daga jikin ƙarfen biyu ya fito, kashi 70 daga sanda. Mu ce kowane gefe ya ba da kashi 15. Idan sandarka 6013 ce, babu kuromiyam a cikinta, babu a baƙin ƙarfe, sai ɗan abin da sitenles ya zubo. Lissafin zai ba ka kuromiyam wajen kashi 2.7 da nikel wajen kashi 1.2. Wannan ba sitenles ba ne, ba kuma baƙin ƙarfe ba ne. Wani ƙarfe ne na uku da ka dafa da hannunka ba tare da ka sani ba, kuma halinsa shi ne yana taurara da kansa da zarar ya huce a iska, kamar an yi masa irin horon da maƙeri yake yi wa bakin gatari. Masana ƙarfe suna kiran wannan tsari matensayit. Yana da tauri ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. A ƙofar gida da ba ta motsi zai iya shekara goma bai nuna ba. A mota, inda inji yake girgiza shi sau dubbai a minti ɗaya, ramin hanya yana dukansa, zafi yana shiga yana fita, ba ya jimawa.

Wasu kuma sukan ce to a sayo sandar sitenles kawai. Sai a je kasuwa a ce "ba ni sandar sitenles", mai shago ya miƙo 308L, domin ita ce aka fi sayarwa, ita masu yin ƙarfen matakalar bene suke amfani da ita. Ita an yi ta ne domin haɗa 304 da 304. Kuromiyam ɗinta wajen kashi 20 ne, nikel wajen kashi 10, wato daidai buƙatarta, ba rara. Da baƙin ƙarfe ya shigo ya tsinka ta, sai kuromiyam ya sauko wajen kashi 16 zuwa 17, nikel wajen kashi 8. Nan kana bakin gaɓa. In hannunka ya yi sauri, wutar ba ta yi yawa ba, kana iya tsira. In ka ɗan ƙara wuta ko ka jima a gefen baƙin ƙarfen, ka faɗa cikin matensayit. Shi ya sa za ka ji wani ya rantse ya yi da 308 ta zauna lafiya, wani ya rantse tasa ta tsage, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa.

Ita 309L da gangan aka cika ta: kuromiyam kashi 23 zuwa 24, nikel kashi 12 zuwa 13. Ka sake wancan lissafin da ita, bayan an tsinka ta za ka samu kuromiyam kusan kashi 19 da nikel kusan kashi 10. Wato bayan baƙin ƙarfe ya sha rabonsa, abin da ya rage a layin waldar yana nan a matsayin sitenles na ƙwarai, mai laushi, mai jure girgiza. Wannan lissafi ba sabo ba ne. Wani masanin ƙarfe a Amurka, Anton Schaeffler, ya fitar da taswirarsa a 1949, kuma har yau da ita ake koyar da masu walda yadda za su hango abin da zai fito in an haɗa ƙarfe biyu mabambanta. Harafin L da ke ƙarshen lambar yana nufin kabon ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai, kuma za ka ga amfanin hakan a gaba. A jikin sandar za ka ga an buga E309L-16. Ka duba da idonka a jikin kowace sanda, kusa da gindinta, kada ka dogara da rubutun kwali. In ba ka samu 309L ba, akwai 312, mai kuromiyam wajen kashi 29 da nikel wajen kashi 9, wadda aka fi amfani da ita in ba a san asalin ƙarfen da ake haɗawa ba. Ta fi tsada, kuma ba ta fi 309L dacewa da wurin da ke yin zafi sosai na dogon lokaci ba, amma ta fi 308 nesa ba kusa ba a wannan aikin.

Kafin ka kunna inji, ka tabbatar da abin da ka sayo. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, duk abin da ke ƙyalli ana iya kiransa sitenles. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. 304 ba ya kama maganaɗisu, sai dai ɗan ja kaɗan a wurin da aka lanƙwasa shi. In ya kama da ƙarfi, ɗayan biyu ne: ko dai sitenles ne irin 409 ko 430, ko kuma baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin kuromiyam a sama. Ka gurza gefensa da giranda, ka jiƙa wurin da ruwan gishiri ka bar shi ya kwana biyu, mai rufin zai nuna jan tsatsa. Shi 409, mai kuromiyam wajen kashi 11, shi ne kamfanonin mota da yawa suke yin salansa da shi, kuma yana haɗuwa da baƙin ƙarfe da 309L ba wata matsala. Akwai kuma 201, wanda ya cika kasuwa domin arha, an rage masa nikel an ƙara manganis. Shi ma ba ya kama maganaɗisu, don haka ana sayar da shi a matsayin 304. Yawancin siririn bututun ƙarfen matakala shi ne, kuma kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. In irinsa ka samo, bai dace da salansa ba, balle shasi. Bututun salansa ana so ya kai milimita 1.2 zuwa 1.5.

Yanzu salansar. Wurin da za ka haɗa ƙarfen biyu yawanci biyu ne: inda bututu ya shiga farantin da ake ɗaurewa da noti, da kuma inda ƙugiyar rataya take manne da bututun. Farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10 da bututun sitenles, haɗi ne da ake yi a ko'ina a duniya, kuma yana zama lafiya. Abin da zai ba ka wahala shi ne bambancin halinsu a gaban wuta. Sitenles 304 ba ya tafiyar da zafi sosai, abin da yake wucewa ta cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da yake wucewa ta baƙin ƙarfe. Zafin yana taruwa wuri ɗaya. Ga shi siriri, ga farantin mai kauri yana shanye nasa zafin. In ka tsayar da wutar a tsakiya, bututun zai huje kafin farantin ya fara narkewa. Don haka ka kafa wutar a kan farantin, ka bar narkakken ƙarfen ya gangaro ya lashi bututun. Ka huda farantin daidai yadda bututun zai shiga cikinsa ya zauna ba tare da rata ba, domin duk ratar da ka bari sai ka cike ta da ƙarin zafi.

Ka nemi sanda siririya, geji 14, wato milimita 2, ko ma 1.6 in akwai. Ka rage wuta ƙasa da yadda ka saba bai wa 6013 mai kauri ɗaya. Ga milimita 2, ka fara daga wajen amfiya 40 ka ɗan hau har ta kama ba ta liƙewa. Ga milimita 2.5, tsakanin 50 da 75. Sandar sitenles tana yin zafi da kanta tun daga sama, in wuta ta yi yawa za ka ga rabinta ya yi ja, rufinta ya fara zuba, daga nan ba ta da amfani, sai ka jefar. A inbatar taka ka sa sandar a gefen da ke da alamar tarawa. Ka riƙe bakin sandar kusa da aiki, kada ka ja wutar ta yi tsawo, kuma kada ka yi ta kaɗa hannu hagu da dama kamar yadda ake yi wa ƙarfen gini. Layi siriri, a miƙe.

Ka fara da ɗigo huɗu a kewaye, ɗaya yana fuskantar ɗaya, sannan ka ƙara huɗu a tsakaninsu. Sitenles yana jan aiki ya karkace fiye da yadda ka saba. Bayan haka ka riƙa yin santimita biyu ko uku ka tsaya, ka koma ɗaya gefen, ka bar wurin ya huce har ka iya kusantar da bayan hannunka. Kada ka zuba masa ruwa. Launin da ya fito zai gaya maka gaskiya: ruwan zinare ko ruwan ƙasa mai haske, ka yi daidai. Shuɗi mai duhu, zafi ya fara yawa. Toka-toka ko baƙi mai gautsi, ka ƙona shi. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne idan sitenles ya jima tsakanin digiri 425 da 860 a ma'aunin Celsius, kabon yana kama kuromiyam ya ɗaure shi, sai gefen waldar ya rasa abin da ke kare shi, ya fara tsatsa kamar kowane ƙarfe. Ƙarancin kabon na sandar L yana rage wannan a cikin layin waldar kansa, saurin hannu yana rage shi a gefenta. Kuma ka kula da idonka bayan ka ɗaga gilashi: ɓawon sandar sitenles yana tsalle da kansa yayin da yake hucewa, da zafinsa, yana iya kaiwa fuska.

In gaya maka ra'ayina, ga bututu siriri waldar sanda wahala ce ko ga wanda ya ƙware. In kana da hali, ka yanka komai, ka gwada shi a jikin motar, ka ɗiga shi da 309L, sannan ka kai wa masu waldar agon, wato TIG, su zagaye maka. Ka tafi da wayar ER309L taka, ka ce da ita za a yi wuraren da baƙin ƙarfe ya haɗu da sitenles, domin abin da ke hannunsu yawanci 308 ne. Inda sitenles ya haɗu da sitenles su yi da tasu. Ka roƙe su su toshe bakin bututun su cika cikinsa da agon yayin waldar. In ba a yi haka ba, bayan waldar ta ciki yana ƙonewa ya yi ƙuraje baƙaƙe kamar ƙonannen sukari, kuma daga nan tsagewa take farawa. Wanda yake da injin MIG, wato mai turo waya da kansa maimakon sanda, zai iya yi da wayar 309LSi da iskar agon mai kashi 2 na kabon dayoksaid. Zallan kabon dayoksaid da ake yi wa baƙin ƙarfe bai dace ba. Waldar gas ta kabayid da masu gyaran bodi suke yi kuwa, ka nisanta ta daga sitenles gaba ɗaya: harshen wutar yana cusa masa kabon, zafin yana bazuwa ko'ina, abin da zai fito gautsi ne.

Akwai abu ɗaya game da salansa da mutane suke mantawa, sai su ɗora wa walda laifin da ba nata ba. 304 yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi. Bututu mai tsawon mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, na sitenles zai ƙara kusan milimita 7, na baƙin ƙarfe kusan 5. In ka ɗaure salansar ƙam a jikin shasi gaba da baya, wannan miƙewar ba ta da wurin zuwa sai ta karya wani abu, kuma abin da za ta karya shi ne wurin haɗi. Ka rataye ta da roba, ka saka gaɓa mai lanƙwasa kusa da inji, irin mai saƙar waya ɗin nan da ake cirowa daga salansar motocin da injinsu ke kwance a gicciye. Ƙugiyar rataya kuma kada ka manna ƙarshen rodi kai tsaye a jikin siririn bututu. Ka fara manna ɗan falle mai faɗi da ya rungumi bututun, sannan ka manna ƙugiyar a kan fallen, nauyin ya bazu.

Sai maganar tsatsa, wadda ita ce ta sa ka fara tunanin sitenles tun farko. Haɗa su ba ya ba baƙin ƙarfe kariya, akasin haka ma yake yi. Idan ƙarfe biyu mabambanta suna taɓa juna kuma ruwa ya jiƙa su, suna zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya, kuma baƙin ƙarfen ne ake ci. Za ka ga tsatsar ta yi layi a gefen waldar ta ɓangarensa. Abin ya fi muni in sitenles ɗin yana da faɗi, baƙin ƙarfen ɗan kaɗan ne, misali ƙaramin noti na baƙin ƙarfe a tsakiyar babban fallen sitenles. A Ingila, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, wannan yana cin mota da sauri. A Kano ko Maraɗi, inda rani ya fi damina tsawo, yana tafiya a hankali, amma damina tana zuwa, laka tana maƙalewa a ƙarƙashin mota ta riƙe danshi, kuma in motar za ta zauna a Legas ko Fatakwal lissafin ya canza. Maganinsa fenti ne: ka shafe baƙin ƙarfen, ka haye kan waldar, ka shiga cikin sitenles ɗin da santimita uku zuwa biyar, yadda ruwa ba zai taɓa su biyun a lokaci ɗaya ba. A salansa ka yi da fenti mai jure zafi. Sannan ka ware wa sitenles burushinsa na waya, wanda shi ma na sitenles ne, da faifan girandarsa. Faifan da ya ci baƙin ƙarfe yana dasa ƙurarsa a jikin sitenles, bayan ruwan farko ka ga ɗigon tsatsa ko'ina ka ɗauka an cuce ka a kasuwa.

Fallen rufe gefe ba sai na tsawaita ba. In ka bi siririn falle da walda a kan bututun shasi zai kumbura ya yi tudu da kwari, kuma ba ya gyaruwa da guduma yadda baƙin falle yake gyaruwa. Ka yi wa shasin fenti ya bushe, ka shafa gam ɗin bodi irin na roba a kan bututun, ka ɗora fallen, ka kama shi da ribit. Gam ɗin ya raba ƙarfen biyu, ya hana ƙara, ya hana ruwa shiga. Ko motar DeLorean da aka ƙera a kusa da birnin Belfast na Ireland ta Arewa daga 1981, wadda duniya ta san ta da jikin sitenles, ba a haɗa fallayenta da shasi da walda ba: an ɗaura su ne a kan jiki na faiba, shasin ƙarƙashi kuwa baƙin ƙarfe ne da aka rufe da fentin ifoksi. Ka kuma tuna nauyi. Sitenles ya ninka alminiyam mai kauri ɗaya kusan sau uku, shi ya sa masu ƙera irin motarka a Ingila, waɗanda suke bin fasalin motar Lotus Seven ta 1957, suke yin shasi da bututun baƙin ƙarfe na milimita 25 mai kaurin 1.6, su rufe shi da alminiyam. Tankin mai, in na sitenles ne, ka zaunar da shi a kan roba ka ɗaure da maɗauri mai noti. Kada ka manna shi da shasi, domin shasi yana murɗawa, tankin zai tsage a wurin haɗin, fetur ya zuba kusa da salansa.

Shasin shi ne inda nake so ka saurare ni sosai. Mutane suna ɗauka sitenles ya fi ƙarfi domin ya fi tsada kuma ya fi wuyar hudawa. Wuyar hudawar daga halinsa ne na taurara a ƙarƙashin bakin abin huji, ba shaidar ƙarfi ba ce. 304 da ba a matse shi ba yana fara lanƙwasa ne daga wajen megafaskal 205 (ma'aunin ƙarfin da ƙarfe yake iya jurewa), baƙin ƙarfen gini na yau da kullum kuwa daga 235 zuwa 275. Wajen sandarewa kusan ɗaya suke, sitenles ma ya ɗan gaza. Wajen nauyi ɗaya suke. To me ka samu? Ka ƙara wa kanka wuraren haɗi da dama waɗanda kowannensu lafiyarsa ta dogara da yawan baƙin ƙarfen da ya narke a ciki, abin da ba ka da na'urar aunawa. Ko da 309L, akwai siririn layi a gefen baƙin ƙarfen inda gaurayar ba ta cika ba, kuma nan ɗin yakan yi tauri. A masana'anta ana yarda da wannan domin akwai rubutaccen tsari da aka gwada, akwai mai duba aiki, akwai hoton cikin walda. Kai a gida kana da idonka ne kawai da guduma. Salansa in ta tsage, ƙara za ka ji ka tsaya a gefen hanya. Maƙalin hannun taya, ko wurin da sitiyari yake ɗaure, ko maɗaurin bel ɗin kujera, ko ƙarfen da ke kare kai in mota ta kife, in ɗayansu ya tsage kana gudun kilomita 80, ba ka da damar tsayawa. Duk waɗannan ka yi su da baƙin ƙarfe iri ɗaya, da sanda ɗaya da hannunka ya saba da ita. Tsoron tsatsa kuma fenti mai kyau yana maganinsa: ka wanke maiƙo, ka sa fentin ƙasa mai kama ƙarfe, ka sa na sama, ka toshe bakin kowane bututu, ka fesa mai ko kakin hana tsatsa a cikin wanda ka huda.

Wannan gargaɗin ya shafi noti ma. Notin sitenles da ake sayarwa, mai alamar A2-70 a kansa, yana fara miƙewa daga megafaskal 450. Na baƙin ƙarfe mai alamar 8.8 sai a 640, mai 10.9 kuwa sai a wajen 900. A fitila, lamba, murfi da fallen gefe, ka sa na sitenles, ka shafa masa man hana liƙewa domin yana cije zarensa ya ƙi kwancewa. A taya, birki, sitiyari, shokazoba da kujerar inji, 8.8 ko abin da ya fi shi.

Hayaƙin waldar sitenles ya fi na baƙin ƙarfe illa, musamman na sanda, domin yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da aka tabbatar yana jawo sankarar huhu. Hukumar binciken sankara ta duniya ta saka hayaƙin walda gaba ɗaya cikin abubuwan da ke jawo sankara a 2017. Ka yi aikin a fili, iska tana kaɗa hayaƙin daga fuskarka, ka sa takunkumi mai tace hayaƙi, ba ƙyalle ba. In farantin ko ƙugiyar da za ka manna tana da rufin zinki, ka gurje shi tas tukuna. Ka goge maiƙo da asiton, kada ka yi da feshin wanke birki, wasunsu in wutar walda ta taɓa su suna fitar da iska mai guba. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuma kada ka kusance shi da wuta ko ya shekara a bushe.

Kafin ka taɓa motar, ka yanko guntaye daga ainihin bututun da ainihin farantin, ka haɗa guda uku: ɗaya da 6013, ɗaya da 308L in za ka samu sanda ɗaya, ɗaya da 309L. In sun huce ka goga magagari a kan kowace walda ka ji wadda yake ci da wadda yake zamewa. Sannan ka matse kowanne a mamatsin benci ka yi ta dukansa da guduma gaba da baya. Wanda aka yi daidai, bututun ne zai lanƙwashe ya yage a gefe, waldar tana nan. Ka kira mai waldar unguwarku ya tsaya a wurin, ku buga tare, ku duba karayar kowanne. In na 309L ɗin ma ya tsage a tsakiya, wutarka ta yi yawa ko ka jima a kan farantin, sai ka rage amfiya biyar ka sake wani gwajin, har sai ka samu uku a jere da suka yage a jikin bututu, sannan ka ɗauko salansar.